Rumbun Kawu Chindo da Hanya ta Huɗu

Tun ranar Juma'ar da aka zaunar da ni a zauren Liman Halilu hannuna bai koma daidai ba. In na ɗauki alli zan ja layi, sai ya fito kamar sawun maciji. Wani abokina da muka yi jami'a tare ya ce in rubuta abin da ya faru, ko zuciyata ta kwanta. Da na zauna rubutawa sai na ga ashe labarin ba nawa ba ne, na Inna Tabawa ne, matar kawuna.

A Malbaza aka haife ta, a wani gida da ke kallon hanyar da manyan motocin siminti ke bi. Tun tana yarinya take kai wa direbobi shinkafa da wake a inda suke jiran lodi. Lakwal, wato makarantar boko, ba ta taɓa shiga ba. Takan ce makarantarta a ƙarƙashin tirela take, kuma a cikin malamanta babu mai tsarkin baki. A can ta koyi gane wanda zai gudu da kwano tun bai gama ci ba, a can kuma ta koyi zagi da harshen kowace ƙabila da ke tuƙa mota. Mijinta na fari yaron mota ne. Ya tafi kai siminti Agadas, sai bayan shekara biyu ya aiko mata da gaisuwa, ita kuma ta aika masa da takalmansa. Daga baya Kawu Chindo, ƙanen mahaifiyata, ya aure ta ya kawo ta Tajaye. Ta ce abin da ya ja hankalinta gare shi shi ne ba shi da mota, duk inda ya nufa ƙafa za ta gaji ta maido shi. "Ban san akwai bas ɗin Abijan ba," in ji ta.

Da mahaifiyata ta rasu ina ƙaramin ɗan lakwal, ita ta ɗauke ni ta haɗa da 'ya'yanta biyar, kwano ɗaya. Ba ta taɓa faɗa mini magana mai daɗi ba, ba ta kuma taɓa barina da yunwa ba. Da safe tana sayar da fura, da rana tana saƙar tabarmar kaba, bakinta kuwa ba shi da ranar hutu.

Kawu Chindo ƙato ne mai tumbi, mutum ne mai gaskiya da taurin kai. In ban da sallah babu abin da ke sa shi sunkuyawa. Ko hularsa ce ta faɗi, sai ya tsaya a kanta ya jira mai wucewa.

A garinmu in an gama kaka, maigida yakan zuba hatsinsa a rumbu ya rufe, ya tafi ci-rani. Ba a buɗewa sai ruwa ya sauka, lokacin da ake bukatar iri da abincin masu noma. Akwai hikima a ciki, don wanda ya cinye hatsinsa da rani, da damina sai ya yi ƙwadago a gonar wani, tasa ta zama ta ciyawa. Amma nauyin hikimar, wadda aka bari a gida da yara ita ke ɗaukarsa. Rumbunmu kamar ƙaton tulu yake, na laka, zaune a kan duwatsu saboda gara da ruwa. Ba ƙofa ba taga, baki ɗaya ne can sama da hular ciyawa a kansa. Kawu yakan sa a sussuke geron a zuba tsabarsa, ya yaɓe bakin da laka, sannan ya danna tafin hannunsa na dama a kai. Ɗan yatsansa ɗaya guntu ne tun wani tsohon hatsari, saboda haka babu mai iya kwaikwayon wannan hatimi a duk ƙasar Adar. Sai ya ajiye wa Inna 'yan buhunan da ya ga dama, ya ce ta yi maneji, ya hau mota.

Bara na dawo daga Yamai da digirin lissafi a jaka, babu aiki. Na shiga koyar da yaran da ke shirin jarrabawar burebe, ta gama ƙaramar sakandare, a zauren gidanmu da yamma. Amma abin da ya cika mini kai tun daga jami'a ba na burebe ba ne, siffofi ne masu awo huɗu. Na rasa wanda zan yi wa zancen sai Inna Tabawa, don mai saƙar tabarma ba ta iya tashi ta gudu.

"To, Sarkin Lissahi," takan ce, "yau wace ƙarya za a yi muna?"

Ranar farko na ce mata, "Inna, duk inda mutum zai motsa, hanya uku gare shi. Gabas ko yamma, ɗaya. Kudu ko arewa, biyu. Sama ko ƙasa, uku. Da su ake auna tsawo da faɗi da tudun kowane abu."

"Wanga ne ka tahi Yamai ka gano? Ai da ka tambayi jakin maƙwabta."

"Lissafi ya ce ana iya ƙara ta huɗu. Ba gabas ba ce, ba arewa ba, ba sama ba, kuma ba ta karkata ga ko ɗaya cikinsu."

"Nuna min ita da yatsa."

"Ba ta nunuwa."

"To kamar albashinka take."

Ban karaya ba. Na ɗebo toka a murhu, na zagaye wata tururuwa da ke tafiya a kan tabarma. Ta yi gaba ta tarar da toka, ta juya ta tarar da toka, ta shiga kewayawa. Na ce a ɗauka ita hanya biyu kawai ta sani, duniyarta shimfiɗe take kamar tabarmar nan, a ganinta an rufe ta ruf. Sai na sa tsinke na ɗaga ta na ajiye a waje. Tokar ba ta taɓu ba. Na ce ta fita ta hanyar da ba ta san da ita ba, ni kuma da nake sama ina ganin cikin zoben gaba ɗaya ba tare da na fasa shi ba. Haka wanda ke da hanya ta huɗu zai ga cikin tulu rufaffe, ya ga cikin cikinmu, ya ɗauki abin da yake so bai buɗe komai ba.

Wata rana kuma na ɗauki dunƙulen fura na nutsa shi sannu a hankali cikin ƙwaryar nono. Na ce ta dubi fuskar nonon kawai. Da farko ɗigo ne ya taɓa, sai ya zama ƙaramin zobe, ya yi ta faɗi, sannan ya soma raguwa har ya ɓace. Mai zama a fuskar nonon ba zai taɓa ganin dunƙulen ba, yanka-yankansa kawai zai gani. Haka in ƙwallo mai awo huɗu ya ratsa ɗakin nan, za mu ga abu kamar ƙwayar gero ya fito a iska, ya kumbura ya kai kankana, ya motse, ya ɓace.

"Na san shi," in ji Inna. "Chindo ke nan. Shi bayyana da damina, shi kumbura da kaka, shi ɓace da rani. Hid da hannunka cikin nonon mutane."

Sai na yi abin da ya jawo mini bala'i daga baya. Na samo kara da ƙaya na haɗa mata siffar. Na nuna mata cewa in ka ja ɗigo ka sami layi mai baki biyu. In ka ja layin gefe ka sami murabba'i mai kusurwa huɗu. In ka ɗaga murabba'in sama ka sami akwati irin ƙwayar sukari, kusurwa takwas. In da za ka ja akwatin ta hanya ta huɗu, sai ka sami abu mai kusurwa goma sha shida. Shi ba ya ginuwa a duniyarmu, amma inuwarsa na ginuwa, kamar yadda kejin kaji ke zubar da inuwa shimfiɗaɗɗiya a ƙasa da tsakar rana. Inuwar ita ce ƙaramin akwati a cikin babba, an haɗa kowace kusurwa da 'yar'uwarta. Na rataye shi a ɗakina. Inna ta sa masa suna kejin da ba kaza.

Sau ɗaya kawai na ga ta bar ba'a. Ta ce, "Wato tururuwan nan taka, ba tokar ta tsare ta ba. Rashin duba wani wuri ne."

Na ce kusan haka ne. Ta yi shiru har ta gama layin saƙa guda, abin da ban taɓa gani ba. Na ɗauka daɗin darasin ne ya kama ta.

Da ma a tsakar gida zancen ya tsaya. Amma wata la'asar a majalisar masu shayi na maimaita shi duka, har da toka. Barmo, ɗan kabu-kabun da ke zirga-zirga tsakanin Tajaye da Konni, wanda ke ɗauko labari fiye da fasinja, ya ce, "Har rumbun Chindo?"

Na ce, "Har shi. Ga mai hanya ta huɗu a buɗe yake kamar faifai. Zai kwashe geron, hannun Kawu na nan a laka ko tsagewa bai yi ba."

Aka yi dariya, aka ƙara mini shayi. Na koma gida ina jin kaina farfesa.

Bazarar bana ta yi tsanani. Buhunan da Kawu ya bari suka ƙare da wuri. Makiyaya suka yi nisa da shanu, nono ya yanke, sana'ar fura ta tsaya. Tabarma kuma ba mai saya, kowa cikinsa yake tunani. In an kira Kawu a waya sai ya ce kasuwa ba daɗi, a yi haƙuri, damina ta kusa. Duk da haka kullum akwai tuwo a gidanmu. Sau ɗaya na tambayi Inna daga ina. Ta ce, "Ci ka yi shiru, tuwo ba shi son tambaya."

Ruwan farko ya sauka, Kawu ya dawo da sabuwar rediyo. Da safe ya jingina tsani, ya hau yana nishi, ya cire hular rumbu. Shatin hannunsa na nan a laka da guntun yatsansa. Ya fasa lakar ya leƙa ciki, sai muka ji salati. Geron da ya bari har wuya ya koma ƙasa da rabi. Ya sauko ya kewaya rumbun yana ƙwanƙwasa bango, ba tsaga ba faci. Maƙwabta suka taru. A gabansu ya rantse cewa in ɓarawon nan a gidansa yake, ko wane ne, sai ya bar gidan.

Kafin azahar Barmo ya tuna da zancen shayi. Kafin magariba duk Tajaye ta tuna, har waɗanda ba su wurin. Kawu ya shiga ɗakina ya fito da kejin kara a kan sanda, yana riƙe da shi nesa da jiki kamar mushen ɓera.

"Muttaƙa, wagga hanya taka, akwai ta ko babu?"

"A lissafi akwai, Kawu."

"To ka ce akwai."

"Amma babu mai iya bin ta."

"Ashe ƙarya ka yi wa mutane."

"Ban yi ƙarya ba."

"To ina hatsina?"

Zauren karatu ya zama fanko, iyaye sun janye yaransu. Mai shago in ya hango ni sai ya zauna a kan akwatinsa. Wata tsohuwa ta tare ni a hanyar masallaci ta roƙe ni in cire mata abin da ke murɗa mata ciki, tun da ina iya ɗauka ba yanka. Shi kansa Barmo ya ja ni gefe ya rage murya, ya ce shi bai ɗauki abin laifi ba, yana da jarkokin mai a Illelar Najeriya, in zan iya fito masa da su a bayan tashar Konni ba tare da sun bi hanya ba, sai mu raba riba. Na ce masa ba a yi. Ya ce ya gane, sai ƙura ta lafa.

Dariyar abin yanzu nake ganinta. A lokacin kuwa ba wasa ba ne. Ni maraya ne a gidan kawuna, ba ni da gona, ba ni da komai sai sunana da takardar digiri. In aka kore ni da sunan ɓarawo mai sihiri, babu garin da zai ba ni ɗansa in koyar, don Barmo zai riga ni isa. Aka yanke cewa ranar Juma'a bayan la'asar zan rantse da Alƙur'ani a gaban Liman Halilu.

Ranar Alhamis da rana na ɗauki igiya na nufi rumbun. Tunanina shi ne in auna shi, ko in iya nuna cewa hatsi yakan zauna ya rage tudu da kansa. Na san ba zai kai rabi ba, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Don in sami faɗin gindin sai da na kwanta rub da ciki na kutsa tsakanin duwatsun, inda kaji ke shan inuwa. Na tarar da su sun taru wuri ɗaya suna tsattsaga. Na juya rigingine na duba sama. Tsakanin itatuwa biyu da ke ɗauke da gindin rumbun akwai ɗan facin laka mai launi dabam, da bakin tsumma ya leƙo. Na ja tsumman. Gero ya zubo mini a fuska, har hanci. Da ƙyar na mayar na toshe.

Da na jawo jiki na fito, ƙafafun Inna Tabawa na fara gani.

"Ka gama awon?" ta ce.

"Inna, ke ce?"

"A'a, kaji ne. Su suka samo rodi suka huda."

Na ce mata gobe za a rantsar da ni. Ta ce ta sani, ba kurma ba ce. Na ce me ya sa ta yi shiru ana jifana da wannan suna. Ta zauna a kan turmi, ta kalli hannuwanta.

"Na zaci mutanen can na hanya ta huɗu za a ɗora wa. Su ba su da gida balle a kore su. Ban san bakinka ya kai wurin Barmo ba." Ta ɗago ta dube ni. "Kuma kai ka koya min. Kai kac ce kowane abin da aka ruhe akwai inda mai shi bai duba ba. Chindo ya duba bango, ya duba baki. Sai na bi ta huɗu."

"Inna, ƙasa ba ta huɗu ba ce. Sama da ƙasa hanya ɗaya ce, ta uku."

"Ga Chindo ta huɗu ce. Yaushe rabonshi da ganin ƙahwahunshi?"

Na so in yi dariya, sai hawaye suka zo. Na tuna mata rantsuwar Kawu. Ta ce ta ji ta da kunnenta. Gidan ubanta na Malbaza an sayar tun tuni, in ta fita ba ta san inda za ta kai kanta ba, yaran kuma ba za a bar mata su ba. Ba ta roƙe ni in rufa mata asiri ba. Ta dai ce, "Kai ba ka ɗauka ba, ka rantse abinka," ta tashi ta koma ga saƙarta.

Na riƙe wannan maganar har Juma'a. Ban ɗauka ba, zan rantse, shi ke nan.

Zauren ya cika, mata sun taru a bayan katanga. An ajiye kejin kara a tsakiya, an bar masa fili kamar mai kyanda. Liman Halilu, siririn dattijo mai tabarau ɗaure da zare, ya tambaye ni ko da alwala, na ce da ita. Ya ɗora Littafin a kan buzu, ya ce in ɗora hannu in faɗi abin da zai faɗa: ban ɗauka ba, ban sa an ɗauka ba, ban kuma san wanda ya ɗauka ba.

Ta ukun ce ta kashe ni. Na ce, "Allah gafarta Malam, ana iya yin biyun farko a bar ta ukun?"

Zaure ya ɗauki guna-guni. Barmo ya ce, "Kun ji ko! Yana da abokan aiki a can."

Liman ya dube ni ta saman tabarau, ya ce rantsuwa ba tumatir ba ce da za a zaɓa a bar ruɓaɓɓe. Kawu ya ce in na sani in faɗa, in na ƙi in tattara kayana yau. Hannuna na tsaye a iska. In na ɗora, na yi ƙarya da Littafin Allah. In na faɗa, matar da ta ciyar da ni ta rasa ɗakinta saboda tuwon da ni ma na ci. In na yi shiru, na zama abin da suka ce. Har yau ban san wanne zan zaɓa ba, kuma shi ne ke hana ni barci.

Sai muka ji sallama daga ƙofar mata. Inna Tabawa ta shigo da lulluɓinta, riƙe da guntun rodi irin na masu gini. Ta durƙusa ta gaida Liman, ta ajiye rodin kusa da kejin.

"Malam, a gahwarce ni da shiga cikin maza. Yaron ga ko hura bai iya damawa ba balle sata. Ni na ɗiba."

Kawu ya miƙe. "Ke? Ta ina?"

"Ta inda ba ka duba ba."

"Shi ya koya miki sihirin?"

"Shi ya koya min, amma tururuwa ce malamar. Taho ka gani."

Zauren gaba ɗaya ya bi ta zuwa gidanmu, Liman a gaba da sandarsa. Ta nuna ƙarƙashin rumbu ta ce a leƙa. Wasu suka ce su shiga masa, Kawu ya ce ba wanda zai gane masa da ido. Ya cire hula, ya cire babbar riga, ya durƙusa, ya kwanta. Tsofaffin garin sun ce ba su taɓa ganin haka ba. Kansa da kafaɗunsa suka shiga, tumbin ya ƙi. Daga ciki muka ji yana tambaya ina ne, Inna ta ce ya ja tsumman da ke saitin hancinsa. Ya ja. Sai tari da atishawa, ƙafafunsa na harbin iska, kaji na rububin abin da ya zubo. Mutum biyu suka jawo shi ta ƙafa, ya fito gemu cike da gero.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ya zauna a ƙasa yana haki, ya ce, "Rantsuwata tana nan."

Inna ta ce, "Kayana a ɗaure suke tun jiya." Muryarta ba ta yi rawa ba, amma na ga yadda ta damƙe bakin lulluɓinta.

Liman ya tambaye ta ko ta sayar. Ta ce ko tiya ɗaya ba ta fita gidan ba. Ta nuna yaranta da ke laɓe a ƙofar ɗaki, ta nuna ni, ta ce ga rumbunan da ya shiga. Ta ce kullum takan ƙwanƙwasa bango ta ji inda geron ya tsaya, kuma ta bar iri da abin da za a ci ana noma har sabon wake ya fito. Liman ya juya ga Kawu ya tambaye shi abin da ya bari da zai tafi, da abin da ya aiko daga baya. Kawu ya faɗi na farko da ƙarfi, na biyu kuma ba wanda ya ji.

"Chindo," in ji Liman, "ciyar da iyali a kanka yake, kana gari ko ba ka gari. Matar da ta ɗibi abin da zai ishi ɗiyanka daga hatsinka, ba ta wuce bukata ba, ba a kiranta ɓarauniya. Kai ka rantse a kan ɓarawo. To ba ɓarawo a gidan ga, rantsuwarka ba ta sami wanda za ta hwaɗa wa ba. Tashi ka kakkaɓe gemunka."

Sannan ya sa aka kawo kejin kara, ya ɗauke shi da hannunsa, ya jujjuya, ya ƙirga kusurwoyin, ya miƙo mini. Ya ce in ci gaba da koyar da yara, amma in rage shan shayi.

Kawu ya yi kwanaki ba ya cin tuwon Inna, a wurin mai shayi yake karyawa. Ita kuma ba ta kwance kayanta ba sai ranar da ya aiko a zubo masa. Yara sun dawo zauren karatu, har da ƙari, sai dai rabin sababbin sun zo ne don a koya musu yadda ake fita aji ba a bi ta ƙofa ba. Barmo har yanzu yana ɗaga mini gira in mun haɗu. Ni kuwa in na ji an yi sallama da ƙarfi gabana faɗuwa yake, kuma ban sake ce wa kowa komai a buɗe yake ba.

Makon jiya Kawu ya sayo buhun siminti daga Malbaza, ya kawo magini ya shafe gindin rumbun gaba ɗaya. Ya tsaya a kansa har ya gama, bai dai sunkuya ya duba ba. Da zai wuce ta gabana ya rage murya ya ce, "Muttaƙa, tsakaninka da Allah, waccan hanya ba mai iya bin ta?" Na ce babu, Kawu. Ya ce to madalla. Bai tafi ba, ya tsaya yana shafa gemu, can ya ce wa iska cewa bana in zai tafi zai bar tsanin a jingine, bakin rumbun kuma hula ta ishe shi.

Inna Tabawa na zaune tana saƙa, ba ta ɗaga kai ba. Sai da ya fita ta dubi sabon simintin, ta dube ni.

"Sarkin Lissahi, maganar maza da damina ba a gina ɗaki a kanta. Rannan ba ka ce bayan ta huɗu akwai ta biyar ba?"

Na ce a lissafi akwai, har ta shida, har abin da ba ya ƙirguwa.

"To zauna," ta ce, ta turo mini kujera da ƙafa. "Ɗebo toka."